Hajiya Tana Gaishe Ka

Ɗanladi ya ɗauki baƙar wayar ya riƙe ta nesa da kunne, kamar yadda ya saba duk ranar da Hajiya Tanna ta kira daga Urafane. Ya yi wa Lamine mai shayi alama ya rage rediyo, ya rufe ido yana jiran ruwan faɗa. Faɗa bai zo ba. Sai ya ji murya a sanyaye tana tambayarsa iyali, tana tambayar ƙafar Asiya matarsa da ta gurɗe tun damina, har da gajiyar aiki. Nan take ya tsargu, don ruwa ba ya tsami banza. Shekara da shekaru yana nema wa Hajiya motar da za ta kwashe mata wake, bai taɓa jin ta tambayi lafiyar wani ba sai ta buhu.

"Ɗanladi," in ji ta, "wanga direba naka mai jar mota, Attahiru. Wane irin mutum ne? Ka gaya mini tsakani da Allah."

Ɗanladi ya buɗe ido. Bai taɓa gaya mata sunan ba, ko sau ɗaya. Ya ce "Alo, alo," ya ce rezo ba kyau, layi na yankewa, zai sake kira, ya latse wayar ya kife ta a kan benci.

Wanda bai san Ɗanladi ba sai ya ce zaman banza yake yi. Ba shi da mota ko ta kwano, ba shi da wake ko tiya ɗaya. Abin da yake da shi benci ne a gindin bishiyar bedi, daura da tashar manyan motoci ta Tasawa, wanda yake kira buro, wato ofis, ba tare da ya yi dariya ba, sai wayoyi biyu. Baƙar ta masu kaya ce, jar ta masu mota. Mai kaya ya kira ya ce yana da buhuna a Hawandawaki ko Kanan Bakashe, Ɗanladi ya juya ɗaya wayar ya samo kamiyon, babbar motar da za ta iya yashin wurin, ya sasanta kuɗi, ya cire kamashonsa. Da wannan ya aurar da ƙanne, ya rufa ɗaki da kwano, kuma da wannan tukunyar Asiya ke tafasa.

Sana'ar tana da dokoki, kuma Ɗanladi ba ya rowarsu. Lamine ya sha su har ya gaji, don duk wanda ya zauna shan shayi sai an karanta masa. Kada ka haɗa mota da kaya sai ka ga tayoyinta da idonka, direba ko ɗan'uwanka ne zai ce maka sababbi ne. Ka tambayi abin da ta ɗauko jiya, don waken da aka zuba inda aka sauke man gazuwal ko takin zamani ba mai sayensa. Kada mota ta tashi ba ka nema mata kayan dawowa ba, direban da ya komo wayam zai tuna da kai a kowane rami. Kada ka ce wa mai kaya ba ka san inda mota take ba, ka ce ta taso. Zagi kuwa in ya shiga ta baƙar waya, kada ya fita ta jar. Shi ya sa in Hajiya ta ce a gaya wa kunkurun direban nan ko jaki ya fi shi sauri, abin da ke isa kunnen Attahiru shi ne Hajiya tana gaishe shi, ta ce a yi a hankali da hanya. In Attahiru ya ce matar nan ta cika ƙwauro, Hajiya sai ta ji cewa direba yana godiya.

Amma uwar dokokin, wadda Ɗanladi ke rage murya kafin ya faɗa, ita ce mai kaya da mai mota kada su san juna. Ranar da suka karɓi lambar juna, ranar ɗan kamasho ya zama ɗan kallo. A duk masu kayansa ba kamar Hajiya Tanna, don waken kakarta kaɗai ke riƙe gidansa har wata kaka. A duk masu motarsa kuma ba kamar Attahiru. Mutum biyun nan su ne duwatsun murhunsa, shi ne na uku.

Yana cikin kallon baƙar wayar sai jar ta ɗauki ƙara. Attahiru ne. Ya yi gaisuwa doguwa, ya yi gyaran murya, ya sake gaisuwa, abin da bai taɓa yi ba, don shi mutum ne da magana ke yi wa tsada. Can ya daure ya fito da ita.

"Dama Hajiya Tanna ce. Kai da ka daɗe da ita, yaya halinta? Ana iya zama da ita?"

Rezo ya sake lalacewa.

Lamine ya miƙo masa kofi, ya tsaya yana goge hannu da tsumma. Ya ce shi fa ba gulma yake ba, amma wani mai sayen awaki ya gaya masa ya ga jar motar Attahiru a Urafane ranar kasuwar da ta wuce, ba lodi, ba saukale, tana tsaye kawai kusa da gidan Hajiya. Ɗanladi ya ajiye kofin bai kurɓa ba. Ranar nan ba shi ya tura ta ba. Hasali ma ya nemi Attahiru da lodin gero zuwa Maradi, ya ce masa mota na wurin makanike.

"Ko dai ba zancen kaya ba ne?" in ji Lamine.

Ɗanladi ya dube shi da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya ƙare rayuwarsa a gaban tukunyar shayi. Ya tambaye shi me zai haɗa mai mota da mai wake a duniyar nan in ba kaya ba. Ita tana bincike ta ji ko direban na da amana kafin ta miƙa masa buhunanta kai tsaye, shi yana bincike ya ji ko tana biya. Kuma don cin fuska, ba su ga wanda za su tambaya ba sai shi da za su tsallake. Wato shi zai wasa wuƙar, shi zai miƙa wuya. Ransa ya ɓaci sosai, kuma ƙarƙashin ɓacin ran akwai tsoro, don ya hango kaka ba wake, ya hango fuskar Asiya.

Akwai wata doka da ya manta da ita a wannan safiyar, ko da yake shi ya ƙirƙiro ta: kada ka kushe direbanka, shi ne hajarka. Ya ɗauki baƙar waya ya kira Hajiya.

Ya fara da cewa shi ba ya son ɓata mutum, amma tunda ta ce tsakani da Allah, to. Attahiru barci gare shi, a kan sitiyari ma yana gyangyaɗi. Zuciya kuwa a kusa take, abu kaɗan ya hau sama. Motar da take ganin ta ja jawur fenti ne kawai, cikinta ya gama yawo. Ga tsaye-tsaye a hanya, daga Tasawa zuwa Maradi ba mai tuwon da ba ta san sunansa ba. Shi ne dai yake lallaɓa shi yana rufa masa asiri, amma wanda bai san shi ba ya ɗauke shi, ya ɗauko wa kansa.

"Masu tuwo," in ji Hajiya a hankali. "To. Na gode, Ɗanladi."

Ya juya jar waya. Ya ce wa Attahiru in yana son kansa da lafiya ya yi nesa da matar nan. Bakinta ya fi barkonon kaka zafi, hannunta kuma ko ruwa ba ya ɗiga. Abin da take faɗa a kansa, shi ne yake tacewa kamar mai tatar koko. Ya san sunan da take kiransa da shi? Kunkuru.

"Gaisuwar da kake cewa tana yi mini fa?" in ji Attahiru.

"Ni nake yi maka ita."

Attahiru ya kashe wayar. Ɗanladi ya sha shayinsa da ya huce, ya ce wa Lamine haka ake kashe wuta tun tana ƙarama. Lamine ya ce Allah ya sa, ya ƙara muryar rediyonsa.

Amma zama ya gagara. Ya kira Attahiru don ya tura shi Mayahi da siminti, ya nesanta shi da Urafane, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya tambayi masu faci a bakin tasha, suka ce ai jar mota ta fita tun da sassafe ta yi arewa, an wanke ta tas har tayoyi. Wanke tayar motar da za ta shiga yashi, wannan bai shiga kan Ɗanladi ba, amma arewa ya gane ta sarai. Ya cusa wayoyin a aljihu, ya tare Zakari mai kabu-kabu, ya haye bayan motonsa, wato babur.

Hanyar Urafane ba ta san mai sauri ba. Inda ƙasa ke da ƙarfi su yi gudu, inda yashi ya yi laushi Ɗanladi ya sauka ya tura, takalmi a hannu. Gonaki duk an girbe, kara a tsaye, harawa a ɗaure bisa itatuwa, amalanken shanu na wucewa da buhunan wake, kuma kowane buhu ya gani sai ya ji kamar daga aljihunsa aka zare shi. Duk da haka sana'a ba ta bar shi ba. Yana tura moto yana waya, har ya samo wa simintin Mayahi wata mota, ya haɗa ta da awakin wani Bafillace a Kanan Bakashe don dawowa, ya gargaɗi direban ya share ƙasan motar ya zuba yashi kafin dabbobi su hau. Zakari ya ce shi bai taɓa ganin mai kuka yana ciniki ba. Ɗanladi ya ce ba kuka ba ne, zufa ce, ya kula da gabansa.

Sun shiga Urafane rana ta take tsaka. Jar motar tana can gindin wani gawo, nesa kaɗan da gidan Hajiya, tana ƙyalli, amma ba 'yan dako, ba buhu ko ɗaya. A ƙofar gida kuwa an shimfiɗa tabarmi, dattawa na zaune cikin manyan riguna da rawuna. A tsakiyarsu ga ƙwaryar goro a rufe da fefe, ga dabino, ga sukari da ganyen shayi, ba wanda ya taɓa. Ɗanladi ya yi shekaru yana ganin yadda ake ƙulla cinikin lodi, bai taɓa ganin an zo shi da dabino ba.

Ya zagaya bayan motar. Attahiru na zaune a kan safayar taya, cikin sabuwar shadda shuɗiya da rawani fari sol, yana ƙamshin turare, ya haɗa kai da gwiwa. Ɗanladi ya tambaye shi wa ya mutu. Attahiru ya ɗago ya ce ba wanda ya mutu tukuna. Kawunsa Ɗahiru ne da dattawa suka zo nema masa auren Hindatu, ɗiyar Hajiya. An karɓe su da fara'a da safe, har an fara dafa shayi. Sai Hajiya ta aiko daga ciki cewa a dakata, ta ji wani labari daga bakin wanda ya fi kowa saninsa. Tun daga nan goro ke zaune a rufe. Shi ma, in ji shi, tun da ya ji batun kunkuru ya karaya, don wadda ta raina ka tun kana baƙo, ina ga ka shigo gida.

Ɗanladi ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, bai ma duba ba.

Hindatu. Bazawarar da ke riƙe da siton Hajiya a bakin kasuwa, mai tsayawa a kan sikeli da biro a bayan kunne. Ai shi da kansa ya tsara abin. Shi ya ce wa Hajiya ba girmanta ba ne ta tsaya cikin 'yan dako, ta zauna gida, lodi a yi shi a sito, duk don kada ta haɗu da direba. Shi kuma ya ja wa Attahiru kunne cewa kada ya kuskura ya je yawo lokacin awo, ya tsaya kusa da sikeli ya zuba ido har buhun ƙarshe. Bawan Allah ya bi umarni, kaka bayan kaka, ya tsaya ya zuba ido. Matar Attahiru ta rasu da daɗewa, kowa ya sani, Ɗanladi ma ya je gaisuwa, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa direba na da wani abu a ƙirji ban da lissafin gazuwal ba. Ya tsare ƙofa ya kwana a bakinta, ashe taga a buɗe take.

Ya auna abin ta kowane gefe, ya ga gaba kura baya sayaki. In auren ya watse, Hajiya ba za ta sake yarda jar mota ta taka ƙofar sitonta ba, Attahiru kuma ba zai sake ɗaga wayarsa ba. In auren ya ɗauru, mota ta zama ta gida, wake na gida, wa zai biya wani ɗan Tasawa kamasho don ya haɗa uwa da ɗanta? Ko ta ina bencinsa ya tashi.

Yana cikin wannan sai ga inuwa a kansa. Hindatu ce, ta fito ta ƙofar baya da mayafi, idonta jawur amma muryarta ba rawa. Attahiru ya sunkuyar da kai yana gyaran rawanin da ba abin da ya same shi.

"Baba Ɗanladi, kai ne mai labarin masu tuwo?"

Ya ce shi ne.

"Na yi ta rantsuwa, Inna ta ce in yi shiru. Ta ce mai so ba ya gani. Ta ce kai ba ka taɓa turo mata ruɓaɓɓiyar mota ba, ba ka taɓa ce mata fari ya fito baƙi ba, don haka bakinka kaɗai ta yarda da shi."

Wannan ta fi zagi ciwo. Da ta zage shi da ya san inda zai ajiye, ajiyar zagi ai aikinsa ce. Ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ta yi masa iso.

Hajiya Tanna na zaune a rumfa kan shimfiɗar fata, 'yar mace ƙarama cikin baƙin lulluɓi, wadda in ka gan ta ba za ka ce daga jikinta wannan murya ke fitowa ba. Ɗanladi ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce duk abin da ya faɗa da safe ƙarya ce, tsoro ne ya sa shi, ya zaci za su haɗa kai su yi lodi ba da shi ba.

"To wanne zan ɗauka," in ji ta, "na safe ko na rana? Bakin ai ɗaya ne."

"Hajiya, ɗan kamasho in ya yabi mota, ki je ki duba taya. In kika ji ya kushe ta, to ki tabbata tsoro yake kada a raba shi da ita."

Ta ɗan karkata kai. Shi kuwa ya ci gaba, kuma bai iya yabon mutum ta wata hanya ba sai ta sana'a. Ya ce ta tuna ko an taɓa kai wakenta Maradi aka ce buhu ya yi ƙafa, ko an soke shi an rage. Ya ce shekarar da ruwan ƙarshe ya zo ba zato, Attahiru ya cire rigarsa ya toshe hujin tampol da ita, ya iso yana rawar sanyi, waken ko ɗigo bai taɓa ba. Ya ce da motar ta yi pan, ta ƙi tashi a dajin Hawandawaki da kayanta a ciki, bai bar ta ya shiga gari neman abinci ba, a ƙarƙashinta ya zauna har aka kawo makanike. Jinkirin da take faɗa a kai kuwa, mutum ne da ba ya wuce wanda ya kafe a yashi sai ya ja shi. Masu tuwo sun san sunansa, gaskiya ne, amma don shi kaɗai ne direban da ba ya cin bashi.

"Wanda ya riƙe buhun wani haka," ya ce, "ban san yadda zai riƙe ɗiyar mutane ba, ban taɓa haɗa irin wannan lodin ba. Amma da ni ke da ita, da na ba shi."

Hajiya ta dube shi, ta dubi Hindatu da ke laɓe a bakin ɗaki, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har ta share ido da gefen lulluɓi. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin wanda aka tambaya zancen aure ya ba da amsar taya ba. Tana cikin dariyar sai ta tsaya cak, ta tambaye shi ko shi ma wancan mai jar motar an kira shi an ba shi nasa labarin. Ɗanladi ya ce an ba shi. Ta tambaya har da sunan nan na kunkuru. Ya ce har da shi. Hajiya Tanna, wadda dillalan Maradi ke miƙewa tsaye in sun ji muryarta a waya, ta ja lulluɓi ta rufe bakinta don kunya. Ta ce maza ya je ya gyara abin da ya ɓata, kuma ya san yadda zai yi, ita ba ruwanta.

Ya koma bayan mota. Ya ce wa Attahiru batun kunkuru gaskiya ne, ba zai ƙara masa wata ƙaryar ba, amma ya sani Hajiya ba ta yi wa mutum suna sai wanda ta damu da shi. Sauran direbobi ko kallo ba su ishe ta ba, kuma duk kaka ita ke cewa a turo mata kunkurun nan kada a turo wani. Wannan ma gaskiya ce, shi da kansa ya yi mamakin yadda gaskiya ta yi masa rana har sau biyu a yini ɗaya. Attahiru ya yi murmushi a cikin rawani, ana gani a idonsa.

Saƙo ya fito daga ciki zuwa ga baffan Hindatu da ke zaune da baƙin. Aka buɗe fefe, aka raba goro, aka shafa fatiha, shayin da ya huce aka mayar kan gawayi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Aka ba Ɗanladi goro manya guda biyu, ya karɓa ya yi addu'a tare da kowa, kuma har ransa ya yi murna, amma murnar mai ɗaci ce kamar goron. Yana tauna yana tunanin ko Lamine zai yarda su haɗa jari, shi ya riƙa soya ƙwai.

Da baƙi suka tashi tafiya, Hajiya ta fito bakin zaure ta yi musu sai an jima. Daidai nan Attahiru ya zagayo don ya buɗe wa kawunsa ƙofar mota, suka yi kiciɓis. Attahiru ya ja rawani har ƙasan ido, ya juya da sauri har yana tuntuɓe, ya faɗa bayan motarsa. Hajiya ta mayar da fuska bango, ta koma ciki kamar an kira ta. Dattawa suka yi dariya suka ce to, surukuta ta fara. Ɗanladi ya gani, amma hankalinsa na kan ƙwai, ya wuce neman Zakari.

Ya kai tsakiyar fili, tsakanin ƙofar gidan da gindin gawo, sai baƙar waya ta yi ƙara.

"Ɗanladi," muryar ta dawo yadda ya san ta, "sito ya cika, jibi nake son waken nan ya tashi. Ka ji mini daga wurin wancan nawa zai ɗauka."

"Wane wancan, Hajiya?"

"Kai ma ka sani. Yanzu bakina ai ba ya kama sunansa. Da wane ido zan zauna ina ciniki da mijin ɗiyata? Kuma kada ya ga ya shigo gida ya ƙara mini ko dala. In ya makara kuwa, wallahi kunkuru ma sai ya fi shi daraja. Amma kada ka ce ni na ce. Kamashon wannan tafiyar kuma ka bar shi gudummawar biki, ladan bakinka."

Bai kai ga amsawa ba jar ta kama tsuwa a aljihu. Ya ɗora ta a ɗaya kunnen. Daga inda yake tsaye yana hango gefen shuɗiyar shadda a bayan taya, yana kuma hango baƙin lulluɓi ta tagar zaure. Da ɗayansu zai ɗaga murya kaɗan, da ɗayan ya ji.

"Ɗanladi," in ji Attahiru ƙasa-ƙasa, "ka san gazuwal ya tashi, ga hidimar biki a gabana. Tsohon farashin nan ba zai fitar da ni ba. Amma ni yanzu in buɗe baki in ce wa surukata ta ƙara? Gara in tura motar da hannu har Maradi. Kai za ka faɗa, daga yau har abin da hali ya yi. Na ga kamar da ita kake magana. Mi ta ce?"

Ɗanladi ya tura goron gefen kunci, ya gyara tsayuwa, ya danne bakin baƙar wayar da babban yatsa.

"Tana gaishe ka," ya ce. "Ta ce a yi a hankali da hanya."